Shekarar da Na Yi wa Zermu Gudu

'Ya'yana, ranar sunan ɗan Saratu na ji ku a zaure kuna ba baƙi labarin gudun da na yi a shekarar fari, kowa da irin tasa. Ɗaya ya ce ni na zo na farko. Ɗaya ta ce kakanku Baba Ayuba ya yi mini baki saboda na bi Musulmi na bar 'yan'uwana masu bi. Na yi shiru ne don akwai baƙi. Ban zo na farko ba, kaɗan ya rage in zama na ƙarshe, kuma kakanku bai taɓa yi mini baki ba. Tunda waɗanda suka ga abin da idonsu sun fara ƙarewa, bari in ajiye muku shi yadda ya faru.

A lokacin na haura arba'in, ina ɗinki a wata rumfa bakin kasuwar Dole. Zaman keke ya ba ni tumbi, har uwarku Rahila takan ce in na sunkuya sa takalmi tana jin nishina daga madafa. Daminar shekarar ta yaudari mutane. An yi ruwan shuka mai kyau, gero ya fito har ya kai gwiwa, daga nan sama ta ɗauke, ya bushe a tsaye. Kafin sanyi ya shigo mutanen karkara sun fara kwararowa Damagaram, wasu da jaki, wasu da tabarma kaɗai. Ɗinkin sabon kaya ya tsaya cik. Abin da ake kawo mini faci ne, sai kuma likkafani. Majami'armu a lokacin ɗan ɗaki ne na ƙasa da rufin kwano, mu kuwa 'yan tsiraru ne a gari kamar yadda kuka sani, amma har mu mun yi baƙi. Iyalai masu bi daga ƙauyuka suka zo suka kafa bukkoki a farfajiyar majami'a. Kakanku, mahaifin uwarku, shi ne dattijon ikilisiya. Shi ke auna musu hatsi da tiya, shi ne kuma kullum ke leƙa gindin buhu ya ga abin da ya rage.

Maƙwabcin rumfata shi ne Mutari, wanda kuka taso kuna kira Baba Sarzan. Tsohon soja ne, ya bar aiki ya kama gyaran keke. Dogo, siriri, ba ya son magana mai tsawo. Shekaru muna shan shayi a buta ɗaya. In ya tafi masallaci ni ke duba masa kayan aiki, ran Lahadi kuma shi ke gaya wa masu kawo ɗinki su dawo gobe, tela ya tafi wurin Ubangijinsa. Da Sallah naman gidansa ke fara shigowa gidanmu, da Kirsimati shinkafar uwarku ke fara shiga nasa. Bai taɓa ce mini in musulunta ba, sai dai in na yi masa wani alheri ya girgiza kai ya ce hasara ce irina ba ya salla. Ni kuma in ce masa ina yi masa addu'a ko yana so ko ba ya so. Asalinsa mutumin Zermu ne, can danginsa suke noma.

Wata safiya ya ajiye tayar da yake faci, ya zo ya tsaya bakin rumfata.

"Tela, ka ji sanarwar rediyo?"

"Ta mutuwa ko ta tsadar gero?"

"Ta gudu."

Ya bayyana mini. Wasu malaman lakwal, wato makarantar boko, da matasan gari sun shirya gudun dogon zango, irin wanda ake kira maraton, daga wani ƙauye can gaba da Miriya har zuwa filin ƙwallo na cikin gari. Alhazan Zango sun yi alkawarin duk wanda ya iso da ƙafarsa kafin kiran sallar azahar, za su ba da buhunan hatsi da sunansa, a kai gari ko unguwar da ya ambata.

"Ni Zermu zan yi wa," in ji shi. "Amma rabon mutum ɗaya ba zai kai su ko'ina ba. In mu biyu ne, unguwarmu za ta ga damina."

"To Allah ya haɗa ka da na biyun."

"Ya riga ya haɗa ni. Ga shi nan zaune yana taka keke."

Na yi dariya har allura ta kuɓuce mini. Na nuna masa cikina, na ce ya dubi abin da yake so ya ɗora wa hanyar Miriya. Bai yi dariya ba. Ya ce samarin da ya sani kowa da garinsu, kuma ƙafar da ta shekara ashirin tana taka keken ɗinki ba ƙafar banza ba ce. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce ƙanwarsa ta aiko daga Zermu, sun fara tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. A duk zamanmu Mutari bai taɓa roƙona komai ba, ko aron almakashi. Na ce masa to. Kalmar nan ita ce dukan alkawarin da ke tsakaninmu.

Muka fara. Da ya idar da sallar asuba sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, mu bi ta bayan Birni, tsakanin manyan duwatsun nan, mu kama hanyar Gaffati. Ranar farko ban kai ko rijiyar bakin gari ba na durƙusa ina amai. Ya tsaya a kaina, hannu a ƙugu, ya jira na gama, ya ce tashi. Shi ya koya mini in riƙa gajeren taki, in bar kafaɗa ta saki, kar in dubi itacen da ke nesa, in dubi wanda ke kusa. Uwarku ta yi dariya har da hawaye ranar da ta gan ni cikin gajeren wandon da na ɗinka wa kaina da buhun fulawa, da rubutun buhun a baya. Mata masu zuwa ɗibar ruwa sukan tsaya su tambaye mu wa ya biyo mu. Amma ba kowa abin ya ba dariya ba. Wani tsoho daga cikin baƙin da suka sauka a bakin hanya ya taɓa bin mu da ido ya ce, "Masu ƙoshi ke gudu." Maganar ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki. Da numfashi ya fara daidaita, sai na gano in ina rera waƙoƙinmu na sujada a zuci, takina yakan bi su. Wata rana na yi a fili ban sani ba. Mutari ya saurara, ya ce wannan waƙa taku ta fi ta soja daɗin taki. Daga nan ya riƙa bin muryar da hanci, ba ya faɗin kalmomin, ni kuma ban taɓa ce masa ya faɗa ba.

Labari ya kai majami'a. Wata Lahadi bayan an tashi sujada, kakanku ya kira ni gindin dogon yaro. Fuskarsa a sake take, har da murmushi.

"Iliya, na ji kana gudu."

"E, Baba."

"Madalla. Ashe Ubangiji ya ba mu ƙafa a cikin ikilisiya ba mu sani ba. Ranar da za su tambaye ka inda za a kai hatsin, sai ka ce farfajiyar majami'a."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, na riga na ba Mutari baki. Zermu zan yi wa."

Murmushin ya ɓace. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya kama hannuna ya juya ni wajen bukkokin. Wata mata tana tsiyaye ruwan anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa a yi ta sake musu ruwa kafin su ciyu. 'Ya'yanta suna zaune kewaye da tukunyar suna jira.

"Dubi can," in ji shi. "Musulmin garin nan suna da alhazai, suna da zakka, suna da masallaci a kowane lungu. Waɗannan wa suke da shi in ba mu ba? Gida bai ƙoshi ba, ka ɗauka ka kai dawa?"

Ina so ku riƙe wannan da kyau. Maganar kakanku gaskiya ce. Ba ƙiyayya ta sa shi faɗa ba, shi da Mutari suna gaisawa da mutunci tun da can. Mutum ne da aka ɗora wa bakuna da yawa, hatsi kuma yana ƙarewa a hannunsa. Na je wurin pasto, wanda a lokacin saurayi ne, bai daɗe da zuwa ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce ba zai zaɓa mini ba. Ya ce yunwa ba ta tambayar mutum inda yake sujada, amma Baba ma ba don cikinsa yake roƙo ba. Ya ce in je in yi addu'a. Na fito ina jin haushinsa, don ni amsa na je nema. Na yi addu'ar kuwa, a gida, a kan keke, a kan hanyar Gaffati, amma ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Ban gaya wa Mutari ba. Muka ci gaba da gudu.

Ana cikin haka na lura Mutari ya canja. Shi da ke wuce ni ya dawo ya sake wuce ni, sai ga shi muna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Na ɗauka ni ne na ƙware, har ina yi masa ba'a. Wata safiya muna dawowa, rana ta ɗan ɗaga, na ji takinsa ya ɓace daga gefena. Na waiwaya na gan shi kwance rubda ciki a kan yashi. Na juya shi, idonsa ya kafe, leɓensa fari fat. Allah ya kawo wani mai amalanken jaki, muka ɗora shi. Da na ɗaga shi na ji kamar damin kara na ɗauka, mutumin da ya fi ni tsawo nesa.

Rabona da wuce zauren gidansa an daɗe. Ran nan na shiga har tsakar gida, sai na ga babu wurin taka ƙafa. Mutanen Zermu ne, mata da yara da tsofaffi, kowane lungu da tabarma. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta tana ɗiga masa ruwa a baki. Ta ɗago ta dube ni.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, Inna."

"To ka yi masa faɗa, ni ya ƙi jin tawa. In an zuba masa abinci sai ya ce ya ci a kasuwa wurinka, ya tura wa yara."

Ni kuwa a kasuwa in na miƙa masa abinci cewa yake ya ci a gida. Da muka kai shi likita aka ce jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, in ya sake wannan gudu to a shirya masa likkafani. Bayan kwana biyu na je duba shi. Yana jingine da bango, murya can ciki.

"Tela, na ji abin da ke tsakaninka da surukinka. Garin nan ba ya ɓoye magana."

"Ba ruwanka da wannan, ka ji da jikinka."

"Da ruwana. Ni na jawo ka, ga shi ni na fara faɗuwa. Na yafe maka alkawarin. Ka yi gudunka, ka kai wa mutanenku. Wallahi ba zan riƙe ka da komai ba."

Na fito daga gidan ina jin kamar an sauke mini kaya. Ga hanya ta buɗe, mai alkawari da kansa ya kwance ni, zan faranta wa Baba, ikilisiya za ta sa mini albarka. Amma kafin in kai gida sai na ji kayan ya dawo, har ya fi na da nauyi. Na tarar da uwarku tana wanki a tsakar gida. Na zauna a kan turmi na kwashe duka na gaya mata. Ba ta daina cuɗa zanen ba har na gama.

"Baban Saratu, Baba ubana ne, na fi ka jin zafin fushinsa," in ji ta. "Amma alkawarin da ka yi wa mutum yana tsaye da ƙafarsa, shi za ka warware yanzu da ya kwanta? Da rabonsu biyu ne, yanzu ɗaya ya rage, shi ma ka ɗauke?"

"Shi ya yafe mini."

"Ya yafe don shi mutumin kirki ne. Kai fa? Shekara nawa kana ce masa kana bin Almasihu. Ba shi da wani wurin da zai ga Almasihun nan sai a jikinka."

"To farfajiya fa? Su ma yunwar suke ji."

Ta matse zanen, ta shanya, sannan ta juyo.

"Farfajiya ka bar ni da ita. Abin da zan iya zan yi, sauran na Ubangiji ne."

Amsar da na yi ta nema a durƙushe, ga ta ta fito daga bakin mai wanki. Tun daga ranar tukunyar gidanmu ta koma sau ɗaya a yini, rabi kuma uwarku ta ɗauka a ka ta kai farfajiyar majami'a. Kwanonin jerenta na aure, waɗanda ba ta bari ko ku taɓa, suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya suna dawowa a matsayin garin rogo. Saratu, ke kin isa tunawa, kin sha yin kukan yunwa da hantsi. Don haka in ana maganar gudun nan, ku sani ba ni kaɗai na yi shi ba, har da cikinku.

Na je da kaina na gaya wa kakanku. Na durƙusa a gabansa na ce Zermu zan yi wa.

"To, Iliya. Ka zaɓa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, shi da kullum da la'asar yake zuwa ya zauna a zaure ku hau masa jiki. In na gaishe shi a majami'a yakan amsa, amsar da ba ta da ƙofa. Wasu daga cikin 'yan'uwa suka daina ba ni hannu bayan sujada. Na ji wata tana cewa wanda ya sha shayin Musulmi shekara da shekaru, ai dole ya biya. Na ci gaba da zuwa, in zauna a bencin baya, in yi waƙa tare da su. Da asuba kuma in fita ni kaɗai. Gudun kaɗaici ya fi wuya nesa, ba mai ce maka tashi. A nan na koyi irin addu'ar da ba ta da kalmomi da yawa, taki ɗaya ka ce Ubangiji, taki ɗaya ka ce taimake ni.

Ranar gudun, kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe mu zuwa ƙauyen da za a tashi. Da gari ya waye na dubi abokan tafiyata, samari ne 'yan lakwal da sojoji, cinyoyi kamar na barewa. Wani mushe, wato malamin lakwal, daga cikin masu shirin ya tambayi kowa garin da yake wa gudu. Da ya zo kaina na ce Zermu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya kai mu. Ina juyowa sai ga Mutari a gefen hanya bisa keke, da bido, wato jarkar ruwa, ɗaure a baya. Ashe ya roƙi direba an ɗora shi da kekensa a wata motar. Har yanzu wuyansa kamar na zakara.

"Sarzan, likita ya hana ka."

"Gudu ya hana ni. Bai ce komai a kan keke ba."

Aka busa usur. Kafin in daidaita numfashi samarin sun ɓace. Na bi yadda aka koya mini, gajeren taki, itacen kusa. Har muka shiga Miriya, muka wuce kukokinta, jikina lafiya lau, ina ma cewa a raina ashe abin ba wuya. Bayan Miriya ne rana ta miƙe tsaye, ƙafafuna suka zama na wani. Abin da ba zan manta ba shi ne, ba mu kaɗai ke kan hanyar ba. Mutanen karkara ne jere a gefen kwalta, su ma Damagaram suka nufa, da ƙunshi a ka, da goyo, da tsofaffi a kan jaki. Ina wuce su ina jin kunyar takalmin da ke ƙafata. Can sai jijiyar ƙafata ta hagu ta ɗaure, na faɗi zaune a bakin hanya. Na ce wa Mutari na gama, na roƙe shi ya yafe mini karo na biyu. Ya sauka daga keke, ya durƙusa, ya ɗora ƙafata a kafaɗarsa yana murzawa. Wata tsohuwa daga cikin masu tafiyar ta tsaya a kanmu.

"Ɗana, lafiya? Ina za ka da wannan gaggawa?"

Mutari ya ce, "Hatsi zai karɓo wa mutanen Zermu, Iya, in ya kai kafin azahar."

Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dube ni.

"To me kake yi a zaune?"

Na tashi. Daga nan ba zan ce gudu na yi ba, ba kuma tafiya ba ce, wani abu ne tsakani. Mutari yana gefena yana taka keke a hankali, yana bin muryar waƙar sujadarmu da hanci don in sami abin da zan ɗora ƙafa a kai. Ni na kasa ko buɗe baki. Da duwatsun gari suka bayyana, inuwata ta riga ta shige ƙarƙashina ta fara leƙowa ta ɗaya gefen. Muna shiga gari na ga mutane suna alwala a ƙofar gidaje. Na ce, ya Ubangiji Yesu, ba don ni ba, kar ka bar wahalar gidana da ta mutumin nan ta tafi a banza.

Filin ƙwallo ya kusa watsewa, waɗanda suka zo na farko har sun je gida sun yi wanka. Amma a bakin ƙofa na ga taro. Mutanen Zermu ne na gidan Mutari, da 'yan kasuwar Dole, da uwarku ta ci ɗamara da gyale, da pasto, da wasu 'yan majami'a waɗanda ban zaci zan gani ba. Suka rufa mini baya suna ihu, tela, tela. Na taɓa igiyar ƙarshen gudu, na zube. Ina kwance, fuskata a ƙasa, ina jin ƙasa a bakina, sai na ji ladanin masallacin da ke kusa ya ɗaga murya. Ban taɓa jin daɗin kiran salla kamar na ranar ba. Na yi kuka kamar yaro, Mutari kuma ya zauna a gefena yana ta faɗin alhamdu lillahi, ya kasa tashi ya tafi sallar. Har yau akwai masu cewa ladanin ya hango ni ne ya ja lokaci. Na taɓa tambayarsa da ya kawo mini ɗinki, ya ce shi rana yake kallo, ba tela ba.

Alhazan sun cika alkawari. Aka kai hatsin Zermu, mutanen gidan Mutari suka bi motar suka koma. Bai ƙosar da su ba, amma ya riƙe unguwar har suka yi shuka, ba su watse ba. Mutari ya murmure, ya koma facin taya. A farfajiyarmu ma ba a rasa rai ba, da tukunyar uwarku da ta sauran mata da ɗan taimakon da ya zo daga baya. Sai dai iyali ɗaya, na wani mai suna Dauda, sun gaji da jira, suka tattara suka nufi Kano, ba mu sake jin labarinsu ba. Da buhunan nan farfajiya suka zo, wataƙila da sun zauna. Na san da wannan, kakanku ma ya sani. Ba a raba tuwo ɗaya gida biyu kowa ya ƙoshi.

Kakanku bai zo filin ƙwallo ba. Sanyi ya wuce, bazara ta wuce, damina ta sauka, wannan karon ta gaskiya, bai taka gidanmu ba. Sai bayan an yi girbi, wata ranar kasuwa da hantsi, ina kan keke na ga inuwa ta rufe mini haske. Na ɗaga kai, ga Baba Ayuba da babbar rigarsa ta zuwa sujada a naɗe a hammata. Na miƙe da sauri na ba shi kujera. Ya gaisa da Mutari, ya tambaye shi jiki da mutanen Zermu, sannan ya miƙo mini rigar.

"Wuyan nan ya matse ni. Ka duba."

Na duba. Ni na ɗinka rigar da hannuna, kuma farin nan ya ramar da shi kamar kowa, wuyan har ya yi masa yawa. Na ɗauki reza na farke ɗinkin a hankali, na mayar da shi daidai inda yake. Ban yi sauri ba, shi ma bai ce in yi ba. Mutari ya dafa shayi ya miƙa masa kofin farko, ya karɓa ya sha. Da na gama ya sa rigar, ya juya wuya dama da hagu.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu ta yi daidai. Ka gaya wa Rahila ina nan zuwa da la'asar."